Neman Wuta a Tekun Dubai

Mun tashi da asuba daga gida, ana idar da salla, ni da wani maƙwabcina da ya saba zuwa Dubai sarin kaya. Shi jaka ɗaya ya riƙe, ita ma wayam, don a can zai cika ta. Ni kuwa ina ɗauke da yaji da daddawa da kilishin da mahaifiyarmu ta ƙulle wa yayana, sai 'yar jakar kayan aikina, sifanu da filaya da sukurdireba, wadda ma'aikatan filin jirgi suka zazzage sau biyu kafin su yarda ta bi manyan kaya. Ga wanda bai san ni ba, gyaran janareta ne sana'ata a Kano. Yayana shi ne ɗan bokon gidanmu. Ya karanta ilimin sinadarai, yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata ma'aikata da ke tace ruwan teku ta mayar da shi na sha, can wajen Jebel Ali. Shi ya aiko mini da biza da tikiti, ya ce in zo in ga wani abu da ya ƙera, in kuma taya shi ɗaure-ɗaure.

Mun ya da zango a wata ƙasa, muka yi zaman jiran jirgi na biyu har ƙafafuna suka kumbura, sai washegari da hantsi muka sauka. Ina fitowa daga filin jirgi na ji kamar an buɗe mini tukunyar tuwo a fuska. Zafin Kano bushewa yake sa mutum, na can kuwa jiƙa ka yake yi. Maƙwabcina ya kama hanyarsa ta kasuwa, Yaya ya ɗauke ni a wata tsohuwar ƙaramar mota. Tituna a shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, amma cunkoson ya fi na Kantin Kwari ranar Asabar. Ko'ina ka ɗaga kai gini ake yi. Ga ginshiƙan hanyar jirgin ƙasa an jera a tsakiyar titi ba a gama ba, ga wani bene da ya wuce sauran har samansa ya ɓace a cikin hazo.

A Abu Hail yake zaune, a wani filat da suke rabawa da abokan aikinsa biyu. Kwana uku na yi ina jiran a ɗauke wuta, ba a ɗauke ba. Ban ji ƙarar janareta ko ɗaya ba a duk unguwar, har na ce wa Yaya in a nan aka haife ni da yunwa ta kashe ni. Abincinsu shinkafa ce mai yawan kayan ƙamshi da gurasa mai faɗin faifai. Shayinsu mai kauri da madara, dirhami ɗaya kofi, shi na fi so. Ruwan famfo kuwa da zafinsa yake zubowa, sai an tara a bokiti ya huce kafin a yi wanka. Yaya ya ce mini ƙasar ba ta da kogi, kusan duk abin da nake sha daga teku aka ciro shi, kuma gas ake ƙonawa mai yawa kafin a raba shi da gishiri.

Rana ta huɗu ya kai ni Al Quoz, unguwar sito-sito da garejoji da ma'aikata masu shuɗin kaya. A can akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi, babban mutum mai jiki da fara'a, yana loda tayil da na'urorin sanyaya ɗaki a kwantena zuwa gida. Shi ya ba Yaya wani lungu a sitonsa. Abin da aka yi mini tikiti dominsa na gan shi a kan benci, bai fi batirin babbar mota girma ba. Faranti biyu ne na roba mai kauri da aka matse da notina, a tsakaninsu an jera wani tantani siriri kamar ledar burodi, falle bisa falle. Tiyo huɗu sun fito daga jikinsa, da wayoyi biyu, da ƙananan famfuna biyu masu tura ruwa.

Yaya ya yi mini bayani a hankali. Ya ce gishiri in ya narke rabuwa yake yi gida biyu, wani ɓangare mai caji irin na jan kan batir, wani mai irin na baƙin kai. In aka sa ruwan teku kusa da ruwan daɗi, gishirin yana son ya tsallaka inda babu shi. Tantanin nan iri biyu ne, ɗaya yana barin wannan ɓangare kaɗai ya wuce, ɗaya wancan kaɗai. Sai su kama hanya daban-daban, wannan tafiyar tasu ita ce wutar. Ya ce duk inda kogi ya shiga teku ana asarar wannan ƙarfin dare da rana, har da bakin kogin Kwara a ƙasarmu.

Na ce, “Wato batir ne da ake ba shi ruwa ya sha.”

Ya ce, “Kusan haka.”

Ya dama gishirin girki a jarka ɗaya, ya cika ɗaya da ruwan famfo, ya kunna famfunan. Bayan ɗan lokaci wani ƙwan fitila ƙarami kamar ƙwayar gero ya kawo haske ja. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, “Bon, ka gani da idonka. Kuran daga ruwa, ba mai, ba hayaƙi.” Kuran shi ne wutar lantarki a bakin mutanen Maraɗi. Ni da nake tayar da injin da ke riƙe asibiti guda, sai ga ni a tsugune ina kallon wannan ɗigon haske. Gaskiya ya burge ni. Amma na lura famfunan daga soket ɗin bango suke shan wuta.

Tantanin kuwa, wani malami ne a wata jami'a ta Turai ya aiko masa ragowar nasu, bayan ya daɗe yana rubuta musu wasiƙa. Malamin ya ce gwajin gishirin girki kowa ya yi. In yana so a saurare shi, ya kawo sakamakon awa shida a jere da ruwan teku na gaske, mai dattinsa da gansakukarsa. Ruwan bakin gaɓa kuwa duk maiƙon jirage ne, zai lalata tantanin. Dole a shiga ciki.

Ranar Asabar muka isa wata ƙaramar tashar masunta kafin rana ta fito. Mu huɗu ne: ni, Yaya, Alhaji da ya ce ba za a yi babu shi ba, sai mai jirgin, wani dattijo siriri mai farin gemu da ba ya jin komai sai Larabci da yarensu. Jirgin ƙarami ne, injinsa ɗaya a baya, da 'yar rumfar tamfol a tsakiya. Muka loda na'urar, da jarka shida na ruwan daɗi da Yaya ya tace ya auna, da ƙaramin batir na famfuna, da katan ɗaya na ruwan sha. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Muna tafiya benayen suna ƙanƙancewa har suka zama kamar haƙoran mataji, daga baya hazo ya shafe su. Na riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani. Bayan kamar awa ɗaya dattijon ya kashe inji ya jefa anka. Can nesa ta hannun hagu manyan jiragen kwantena sun yi layi suna jiran shiga Jebel Ali.

Ƙarfe bakwai aka fara. Tiyo ɗaya a cikin teku, ɗaya a jarka. Ƙwan ya kama, allurar mita ta ɗaga, Yaya yana rubutawa a littafinsa duk bayan minti goma. Dattijon ya jefa ƙugiya yana kamun kifi. Alhaji yana ba mu labarin yadda ya fara fatauci da buhun albasa.

Wajen tara da rabi batirin famfunan ya mutu. Yaya ya yi lissafin zai kai awa shida, bai kai uku ba. Ya dubi agogo, ya dubi batirin jirgin da ke ƙarƙashin benci, ya yi wa dattijon magana da guntun Larabcinsa. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Shwaiya bas,” wato kaɗan kawai. Ni da hannuna na maƙala wayoyin.

Rana ta ɗaga, iska ta tsaya cak. Ruwan sha ya riƙa tafiya da sauri fiye da yadda muka zata. Dattijon ya rufe fuska da rawani ya kishingiɗa. Wajen sha ɗaya na ji kukan famfunan ya sauya, ya yi ƙasa kamar mai shirin barci. Kunnena ya san wannan sautin, da shi nake cin abinci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fuskar Yaya a kan mitar, yana murmushi shi kaɗai. Na ce a raina mutumin da ya yi digiri biyu ai ya fi ni sanin abin da yake yi, kada in zo daga Kano in zama mai koya masa. Na yi shiru. Wannan shirun nawa shi ne babban kuskuren tafiyar.

Sha biyu da 'yan mintoci famfunan suka tsaya. Dattijon ya tashi ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake murɗawa. Ƙas. Ya ɗauki rediyon kiran taimako, ita ma daga batirin take sha, ko fitilarta ba ta kama ba. Muka fito da wayoyinmu. Tawa layin gida ne a ciki, ba ta da amfani. Ta Yaya da ta Alhaji babu sabis. Ta dattijon sanda ɗaya takan leƙo ta ɓace kafin ya gama danna lamba. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Yaya ya ce kalma ɗaya, “Khalas,” wato shi ke nan, ya zauna.

Sai iska ta taso daga arewa, ruwan ya fara ɗaga mu yana saukewa. Ban gane abin da ke faruwa ba sai da na ga dattijon ya riƙe igiyar anka yana sauraren ta da hannu. Ankar ba ta kama ba, jan ta muke yi a cikin yashi. Jiragen nan da ke nesa da safe yanzu ina iya ganin launin kwantenonin da ke kansu.

Na ce a ba ni wuri. Na cire murfin injin. Alhamdu lillahi tsohon yayi ne mai kafireta, irin wanda ba ya buƙatar batir in har ka iya juya shi. A samansa akwai faifan da muke kira filawil, da ɗan tsagi a gefensa na saƙala igiya. Na yi wa dattijon alama, ya lalubo wata igiya a akwatinsa da aka ajiye don irin wannan rana. Na naɗa na ja. Ba janaretan shago ba ne, nauyinsa ya kusa cire mini kafaɗa. A ja na uku igiyar ta tsinke, gishiri ya riga ya cinye ta, na faɗi da baya a kan jarkoki.

Da na ɗago sai na ga abin da Yaya yake yi. Ya cika jarkar da ta ƙare da ruwan teku, ya ɗaure ta da jarkar ruwan daɗi ta ƙarshe a saman ƙarfen rumfa da igiyar nailan, ruwan yana gangarowa cikin na'urar da kansa. Ƙwan ya sake kamawa. Yana tsaye yana tallafe da jarkokin saboda tangaɗin jirgi, littafi a haƙoransa.

Na ce, “Yaya, me kake yi haka?”

Ya cire littafin ya ce, “Saura minti arba'in. Ba ta shan batir yanzu, ba ta hana ka aikinka.”

Na ce, “Igiyar nan nake so.”

Ya ce, “Duba ko akwai wata tukuna.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun muna yara, ranar ma ban ɗaga ba, amma abin da ya taso mini a ƙirji Allah kaɗai ya sani. Na juya ina laluben akwatin dattijon. Igiyar anka ta yi kauri, ta kamun kifi ta yi siriri. Har zariyar wandona na taɓa.

A lokacin na lura Alhaji ya daina magana. Yana zaune ya jingina da gefen jirgi, fuskarsa ta yi wani iri, gumin da ke zubo masa tun safe ya ɗauke ƙaf. Na kira shi, ya ce, “Doucement, a hankali, kaina ke juyawa,” sai ya sulale gefe guda. Na taɓa goshinsa, zafi kamar kan inji. Katan ɗin ruwan sha saura kwalba ɗaya, ita ma rabi.

Yaya ya dubi Alhaji, ya fizge tiyon daga jarkar ruwan daɗi. Ƙwan ya mutu. Ya kwance igiyar ya jefo mini, ya sauke jarkar ya durƙusa, ya buɗe wa Alhaji riga ya riƙa kwarara masa ruwan a ka da wuya da ƙirji, yana kiran sunansa. Dattijon ya jiƙa rawaninsa yana yi masa fifita. Da ya ɗan buɗe ido suka riƙa ɗiga masa a baki kaɗan-kaɗan.

Na naɗa nailan ɗin, na ɗaure bakinsa a jikin sifana don in samu mariƙi. Na ja sau biyar, injin ya yi tari ya yi shiru. Warin fetur ya bugi hancina, na gane mai ya cika shi. Na kwance fulogogin, duk sun jiƙe. Ina goge su da gefen rigata, jirgi yana tangaɗi, ina tsoron kada ɗaya ya suɓuce ya faɗa ruwa, sai na ji kukan wani ƙaho. Ban taɓa jin sauti irinsa ba, a cikin ciki ake jin sa. Ɗaya daga cikin manyan jiragen ya bar layi ya taso. Ba zan ce kanmu ya nufo kai tsaye ba, ban san teku ba. Amma na ga fuskar dattijon, na gan shi ya ciro wuƙa ya ajiye kusa da igiyar anka.

Na mayar da fulogogin. Na ja, hannuna ya saki, tafina ya riga ya saɓule. Ƙarfina ya ƙare. Na ce, “Yaya, zo ka kama.” Ya taso jiƙe sharkaf ya tsaya a bayana, ya ɗora hannayensa a kan nawa. Na ce masa kada ya ja sai na ce, in ya ja kuma ya ja gaba ɗaya har ƙarshen igiya. Na farko, tari. Ƙahon ya sake kaɗawa, ya fi na ɗazu tsawo. Na biyu, tari biyu. Na rage iskar kafireta da yatsa, na ce bismillah. A na uku injin ya kama da wani irin ruri, hayaƙi ya turnuƙe mu. Dattijon ya yanke igiyar anka da sara ɗaya, ya ture ni gefe, ya sa giya.

Jirgin ya wuce ta bayanmu kamar unguwa guda tana tafiya. Igiyar ruwan da ya taso ta ɗaga mu ta maka, na'urar Yaya ta zame daga benci ta bugi ƙasa, farantinta ɗaya ya tsage. Ko kallon ta bai yi ba, kan Alhaji ne a cinyarsa. Da muka matso gari sabis ya dawo, Yaya ya kira motar asibiti, muka same ta tana jira a tasha.

Alhaji ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce zafin rana ne ya buge shi, ga shi da hawan jini, kuma ruwan da aka zuba masa da wuri ya taimaka ƙwarai. Da muka je duba shi ya ce da Yaya, “Bon, malam, in za a sake, a kawo mini tekun cikin sito.” Dattijon kuwa mun saya masa sabuwar anka da igiya, na kuma wanke masa kafireta. Ya karɓa, ya ba mu kifi, amma ya nuna mana da hannu cewa jirginsa da na'urar nan sun rabu har abada.

A hanyarmu ta komawa daga asibiti, muna tsaye a cunkoso, na gaya wa Yaya cewa tun sha ɗaya na ji batirin yana mutuwa. Ya ce shi ma ya ga ruwan yana raguwa a tiyo, ya san dalili, ya riƙa ce wa kansa minti goma kawai.

Ya ce, “Me ya hana ka faɗa?”

Na ce, “Kai ne babba, kai ka yi karatun.”

Ya ce, “Karatun ne ya kusa kashe mana mutum. Ka yafe mini maganar igiyar nan.”

Ya nuna mini littafin, rabin shafukan sun jiƙe. Ya ce abin da na'urar ta bayar bai kama ƙafar abin da famfunan suka sha ba, kuma haka zai rubuta wa malamin, ba zai ɓoye ba. Amma 'yan mintocin da ruwan ya gangaro da kansa, su ne kaɗai lokacin da ta ba da wuta ba ta ci ta kowa ba. Sauran kwanakina a Al Quoz na yi su. Da hannu a naɗe na auna masa ƙarfe, wani mai walda ya haɗa mana doguwar hasumiya ta ɗora tankuna biyu, irin wadda muke yi a gidajen Kano. Tantanin da ya tsira bai kai rabi ba, yana cikin bokiti a jiƙe. Ko zai ishe shi ya sake gwadawa, ban sani ba. Ko ranar da za a haska gari da irin wannan za ta zo a zamaninmu, shi ma ya ce bai sani ba.

Na dawo ni kaɗai, maƙwabcina ya riga ni. Jirginmu ya sauka Kano da la'asar, kafin in isa gida na ƙirga janareta ya fi ashirin suna kuka a layinmu da na bayansa. Abin da na koyo ba shi da yawa. Wutar da ke cikin ruwan daɗi da na gishiri gaskiya ce, na gan ta da idona, amma inji ba a yaba shi da abin da ya bayar sai an cire abin da ya ci. Kada mutum ya haɗa gwajinsa da batirin da zai mayar da shi gida. Na uku kuwa a kaina yake: girmama babba bai kai a bar shi ya nutsar da jirgi ba.

Kwana biyu da dawowata na je gaida maigidana, wanda ya koya mini sana'a. Na same shi yana gwada wani babban inji a gaban mai shi, mutane sun taru. Ina tsugunawa na ji wata 'yar ƙara siririya daga wajen fanka. Na ce, “Maigida, a kashe shi, akwai abin da ke ci a ciki.” Ya juyo ya harare ni a gaban jama'a, ya daɗe yana kallo na. Sannan ya miƙa hannu ya kashe injin.